Tankin murjani a gida: a daina ruɗar masu farawa da dogon tanki

Malam Edita,

Assalamu alaikum, barka da aiki, da fatan kai da abokan aikinka kuna lafiya. Don Allah ka ɗan ba ni fili a shafin wasiƙu in yi magana kan wani abu da na san ba kowa ne ya damu da shi ba, amma mu da muke kiwon murjani da kifayen ruwan gishiri a cikin tankin gilashi a gida abin yana damunmu sosai, wato shawarar da ake yawan ba masu farawa in sun zo zaɓen tanki. Tambayar da kowa ke fara yi ita ce lita nawa yake ci, sai a ce masa ai ka nemi babba kawai, ruwa mai yawa ya fi sauƙin riƙewa, kuma gaskiya ne wannan ban musa ba, sai dai ana tsayawa a nan ba a gaya masa cewa tankuna biyu za su iya cin ruwa daidai wa daida amma rayuwar da ke cikinsu da wahalar da mai su zai sha su bambanta nesa ba kusa ba. Ni ra'ayina, kuma zan faɗe shi tun daga farko, ga yawancin mutane tanki mai faɗi marar zurfi sosai, wanda tsayinsa ke tsakanin santimita 40 zuwa 50, ya fi dogon nan mai zurfi da ke ɗaukar ido.

Bari in kawo misali da lissafi yadda kowa zai iya gwadawa da kansa. Ɗauki tanki mai tsawon santimita 120, faɗinsa daga gaba zuwa baya 60, tsayinsa 40. Sai ka ɗauki wani shi ma tsawonsa 120, amma faɗinsa 40 tsayinsa 60. Duka biyun lita 288 suke ci, kamar gilashi ɗaya ne aka kwantar aka kuma tayar. Toh amma fuskar ruwan na farko, wato wurin da ruwa ke haɗuwa da iska, murabba'in santimita 7,200 ne, na biyun kuwa 4,800, kaga na farko ya fi da rabi guda. Kuma ƙasan tankin ma haka, inda zaka shimfiɗa yashi ka jera duwatsu ka dasa murjani, ya fi da rabi.

Abu na farko da ya kamata mai farawa ya gane shi ne murjani dabba ne, amma yawancin waɗanda muke kiwo da haske suke rayuwa. A cikin naman jikinsu akwai wasu ƙananan ƙwayoyin gansakuka da ido ba ya gani, su ne ke amfani da haske su haɗa abinci su ba murjanin, shi kuma ya ba su mazauni. In haske ya gaza sai kaga launin ya dusashe ya koma ruwan ƙasa, girma ya tsaya, in kuma hasken ya yi yawa fiye da kima sai murjanin ya kori ƙwayoyin nan ya yi fari fat, in ba a yi gaggawa ba ya mutu. Shi ya sa a teku ma manyan tsaunukan murjani irin na gabar Ostareliya ko na Bahar Maliya mafi yawan girmansu a ruwa marar zurfi yake inda rana ke ratsawa, har akwai wuraren da in teku ya janye kawunan murjanin ke fitowa waje su sha iska na ɗan lokaci. Masu kiwo suna auna hasken da na'ura, ma'aunin ana ce masa PAR, irin su Acropora masu rassa da ƙashi mai tauri suna son wajen 200 zuwa 400, masu manyan baki da nama suna wadatuwa da ƙasa da haka sosai, masu laushi marasa ƙashi kuwa ko 50 zuwa 100 ya ishe su.

Anan akwai wani abu da ake yawan faɗa ba daidai ba, wai ruwa ne ke shanye hasken a dogon tanki. Eh a teku haka ne, ja ne ke fara ɓacewa a 'yan mitocin farko shuɗi ya fi kowa nisa, amma a cikin tanki ƙarin santimita 20 na ruwa mai tsabta ba wani shanye shuɗin haske yake yi sosai ba, babbar matsalar nisa ce daga fitila. Haske yana bazuwa ne, in nisan ya ninka sau biyu ƙarfinsa a wuri ɗaya sai ya koma wajen kashi ɗaya cikin huɗu. A ce ka rataye fitilar LED santimita 20 sama da ruwa, ƙasan gajeren tankin yana nisan 60, na dogon yana nisan 80, a lissafi hasken da zai isa ƙasan dogon bai fi rabi da ɗan kai na wanda ke isa ƙasan gajeren ba, duk da dai gilashin gefe yana maido da wani kaso kuma ruwan tabarau na fitilar yana tattara shi, don haka a zahiri bambancin kan ɗan ragu. To sai mai dogon tanki ya ƙara wa fitila ƙarfi don na ƙasa su samu, na sama kuma su fara ƙonewa, ya rage don na sama su huta na ƙasa su shiga duhu, haka zai yi ta fama yana ɗaga wannan yana sauke wancan. Ga kuma inuwa, don in murjani mai rassa ya girma a sama ya buɗe, duk abin da ke ƙarƙashinsa ya shiga uku, kuma a tanki mai faɗin 40 babu inda zaka matsar da shi.

Sai maganar iska. Iskar oksijin ta saman ruwa take shiga, kabon dayoksaid ma ta nan yake fita, kumfar da mutane ke gani tana tashi ba ita ce babbar hanya ba, motsin saman ruwan ne. Ruwan gishiri kuma dama bai riƙe oksijin kamar ruwan daɗi ba, a zafin digiri 25 yana riƙe ƙasa da na ruwan daɗi da kusan kashi ɗaya cikin biyar, ga shi tankin murjani a digiri 24 zuwa 26 ake ajiye shi. Da dare in an kashe fitila kowa a cikin tankin shaƙar oksijin yake, kifi da murjani da ƙwayoyin halittar da ke cikin dutse da yashi, kabon dayoksaid ya taru pH ya sauka, wato tsamin ruwan ya ƙaru. Wanda ke da ƙaramin tankin tacewa a ƙasa da injin kumfa mai cire datti ba zai ji bambancin sosai ba muddin komai na aiki, amma ranar da wuta ta ɗauke famfo ya tsaya, ruwan ya kwanta shiru, a ranar ne faɗin saman ruwa ke zama maganar rai da mutuwa, kuma ƙasan dogon tanki shi ke fara shaƙewa.

Gilashi ma wani babi ne da ba a cika gaya wa mutane ba. Matsin ruwa a jikin gilashi bai da alaƙa da yawan litar da ke ciki, zurfi kawai ya sani. A misalin nan namu, gilashin gaba na mai tsayin 40 yana ɗauke da turi kwatankwacin kilo 98, na mai tsayin 60 kuwa wajen kilo 220, ya ninka fiye da sau biyu alhali ruwan ɗaya ne. Dole kenan a yi masa gilashi mai kauri, ko a ɗaure bakinsa da sandar gilashi ta tsakiya wadda ita kuma take jefa inuwa tana tara gishiri, kuma gilashi na yau da kullum in ya yi kauri sai ya riƙa ba da launin kore-kore saboda ƙarfen da ke cikinsa, sai ka nemi na musamman mai ƙarancin ƙarfe. Nauyi kuma, lita ɗaya ta ruwan teku kilo 1.025 ce, ruwan kaɗai wajen kilo 295 kenan ban da dutse da yashi da teburin, gajeren ya baza nauyin a fili mai faɗi, dogon ya tattara shi a ɗan wuri kuma ya fi saurin girgiza in yaro ya jingina ko ya ja.

Amma wallahi Malam Edita duk waɗannan ba su ne suka sa na ɗauki alƙalami ba, abin da ya fi damuna hannu ne. Tankin murjani ba hoto ba ne da zaka rataye ka koma gefe kana kallo, kullum akwai abin yi a ciki. Dodon koɗi ko ƙaguwa ya ture ɗan reshen da ka manna ya faɗa bayan dutse da fuskarsa a cikin yashi, in ba ka ɗauko shi a ranar ba gobe wannan gefen ya mutu. Gansakuka mai tauri ta fito a layin da gilashi ya haɗu da yashi, wurin da maganaɗisun gogewa ba ya cirewa sai ka sa reza. Datti ya taru a kusurwar baya. Kifi ya mutu ya maƙale a ƙarƙashin dutse yana ruɓewa yana ɓata ruwa. Hannun babban mutum daga yatsa zuwa hamata bai cika wuce santimita 60 zuwa 70 ba, kuma ba a miƙe zaka sa shi ba, sai ka lanƙwasa ta kan bakin tankin da ke kan tebur, don haka a tanki mai tsayin 60 ko 70 zaka ga mutum ya hau kujera ya cire riga ruwa har kafaɗa fuskarsa na goga fitila yana lalube kamar mai neman gugan da ya faɗa rijiya, kuma ba ya ma ganin abin da hannun ke taɓawa. Ba wanda zai jure yin haka kullum, satin farko zai yi, wata na farko zai yi, daga nan sai a fara bari sai gobe, bari sai ƙarshen mako, kuma ba lalaci ba ne, ɗan adam ne kawai. Waɗanda ke biyan kuɗin wannan jinkirin su ne halittun da ke ciki, waɗanda wasunsu daga teku aka ɗebo su aka yi doguwar tafiya da su a cikin leda kafin su iso hannunka, wannan shi ne abin da ke sosa min rai. Na sha ganin dogayen tankuna da samansu ke sheƙi amma ƙasansu ya zama juji, kuma masu su mutane ne masu son abin da gaske.

Akwai ma batun lafiyar shi mai tankin. Wasu murjani masu laushi irin su Palythoa suna ɗauke da guba mai tsanani da ake kira palitoksin, tana iya shiga ta ƙaramin rauni ko ta ido, ga tsutsotsi masu ƙaya a cikin dutse, ga duwatsun da kansu masu yanka. Duk inda zaka yi aiki kana ganin hannunka ya fi aminci, kuma safar hannu ta roba da ta kai gwiwar hannu ta isa a gajeren tanki, a dogon kuwa ruwa ta baki yake cika ta.

Toh kar a ce na ɓoye aibin gajeren tanki, yana da nasa kuma ba ƙanana ba ne. Na farko ƙafewar ruwa, faɗin saman nan da na yaba shi ne kuma ke sa ruwa tashi da yawa, gishiri kuwa ba ya tashi yana nan zaune. A ce lita 3 ke tafiya a rana daga cikin 288 ɗin nan, gishirin da ya kamata ya tsaya a 35 cikin dubu zai hau wajen 35.4 a rana ɗaya, in ka yi kwana biyar ba ka cika ba ya kusa 37, murjani kuma ba abin da ya tsana kamar hawa da sauka. Maganinsa ɗan injin nan ne mai cika ruwa da kansa, kuma tataccen ruwan daɗi ake cikawa da shi ba ruwan gishiri ba, wannan kuskuren masu farawa na yawan yi. Na biyu tsalle. Kifaye da yawa na teku masu tsalle ne in sun firgita, musamman dogayen nan sirara da ke zama kusa da yashi, a gajeren tanki daga ƙasa zuwa waje ɗan taki ne, don haka raga a saman tanki wajibi ce ba ado ba, duk da na san masu son tanki buɗaɗɗe ba sa son jin haka. Na uku famfon kaɗa ruwa, in ka ɗaga shi sama ya riƙa zuƙo iska yana fesa kumfa yana ƙara, in ka sauke shi ya haƙa rami a yashi ya watsa shi kan murjani, sai ka yi haƙuri ka nemo masa matsaya, galibi ƙananan famfo biyu masu baza ruwa sun fi babba ɗaya mai harbi. Sannan fili mai faɗi na iya buƙatar fitila biyu a inda dogon ke amfani da ɗaya, ko da yake ba sai masu ƙarfi sosai ba, kuma hasken yana ɗan fantsama cikin ɗaki ya shiga idon wanda ke zaune.

Akwai kuma iyaka, ba cewa nake a yi ta rage tsayi ba. In ka cire santimita 3 zuwa 5 na yashi ka cire 2 ko 3 da ake bari a baki, tanki mai tsayin 30 ruwan da ya rage maka bai fi 22 zuwa 25 ba, ka ɗora dutse ka ɗora murjani a kai, wasu nau'in Acropora kuwa suna iya ƙara santimita 10 ko fiye a shekara in sun ji daɗi, kafin ka ankara sun taɓo saman ruwa sun fara bajewa. Irin waɗannan tankunan sun dace da masu renon ƙananan rassa don rabawa, ko mai son masu laushi da ke shimfiɗuwa a ƙasa, amma ga tankin falo da ake so ya daɗe 40 zuwa 50 ya fi, a nan ne hannu ke kaiwa ƙasa kuma murjani ke da sararin tashi.

Masu son dogo hujjarsu kyau ce, kuma na fahimce su, babban gilashi a tsaye kamar taga zuwa cikin teku yana da daɗin kallo, sannan wanda ɗakinsa ya matse bai da filin ba da santimita 60 daga bango, shi sama kaɗai ya rage masa. Kuma akwai halittun da tsayi suke so da gaske, kifin nan mai kan doki misali, in za su yi barbara tare suke tashi sama macen ta zuba ƙwai a jakar namijin, in ruwa bai da zurfi abin ba ya yiwuwa yadda ya kamata, sai dai shi ba a ma cika haɗa shi da murjani masu harbi ba, nasa tankin daban ake yi masa. Amma yawancin kifayen da ake sawa a tankin murjani a kwance suke iyo, daga wannan gefe zuwa wancan, wasu kuma kowa rami ko dutsensa yake karewa, su fili a ƙasa suke nema don kowa ya samu yankinsa faɗa ya ragu, ƙarin ruwa a sama ba ya ƙara musu gida.

Ko a maganar kyan ma ban yarda dogo ya yi nasara ba. Ruwa yana karya haske, in ka duba ta gaba sai kaga bayan tankin ya matso, abin da ke santimita 40 ya zama kamar 30, na 60 ya zama kamar 45. Shi ya sa a siririn dogon tanki duwatsun kusan dole su zama bango ɗaya da aka jingina a baya, ruwa ba ya zagayawa ta bayansu datti na taruwa, a mai faɗi kuwa zaka iya yin tsibiri biyu ko uku da hanya a tsakaninsu da farin yashi a gaba, kifi ya shiga ta nan ya ɓullo ta can. Ga kuma kallo daga sama wanda mai dogon tanki kusan bai san da shi ba, ka kashe famfo na ɗan lokaci ruwan ya kwanta ka leƙa, launin murjani ta sama ya fi fitowa don can ne ke fuskantar haske, manyan kawa na teku irin su Tridacna kuwa shuɗi da koren da ke jikinsu ta sama ake ganinsu sosai.

Wanda duk da haka zuciyarsa ta kafe kan dogo ba laifi ya yi ba, amma ya shiga da ido buɗe, ya tanadi dogon matsi na ɗauko abu da doguwar reza da abin takawa mai ƙarfi, ya sa masu son haske a sama masu son inuwa a ƙasa tun farko, ya bar fili tsakanin dutse da gilashi ta kowane gefe, ya sa famfo ɗaya yana kaɗa saman ruwa, ya kuma nemi ɗan injin iska mai batir saboda ranar ɗaukewar wuta. Kuma kowa, ko gajere zai saya ko dogo, kafin ya biya ya je gaban tankin yana kan teburin da zai zauna a kai, ba a ƙasa ba, ya sa hannu ya gwada taɓa kusurwar baya ta ƙasa da tafin hannu, in sai ya yi ɗage ko bakin gilashin ya shiga hamatarsa to ya rage tsayin tankin ko na teburin. Gajeren tanki ana iya ɗaga teburinsa zuwa santimita 90 don ya zo daidai ido kuma hannu ya kai, dogon kuwa in ka ɗaga shi haka sai da tsani.

Ina roƙon masu sayarwa da tsofaffin hannu a wannan harka, in sabon shiga ya tambaye ku lita nawa, ku tambaye shi tsayi nawa da faɗi nawa da kuma me yake son kiwo a ciki. Kai kuma Malam Edita in da hali ku riƙa ba irin wannan batu na kiwon halittun ruwa ɗan fili lokaci-lokaci, zan so in ji daga masu dogayen tankuna da suka daɗe da su yadda suke tsabtace ƙasan ba tare da sun rushe duwatsu ba. Na gode ƙwarai, Allah ya ƙara basira.

Naku,
Wani mai karatunku, mai kiwon murjani